Yadda tumatir ke gane cutar funfuna, da yadda za ka tsaya masa a lambu

Lambun kawuna yana Kwalkwalawa, a bakin gulbin Rima, kan hanyar da ake bi zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A nan na koyi riƙon kalme, a nan kuma na fara ganin tumatir na mutuwa a tsaye da ruwa kwance a gindinsa. Ƙarshen watan Fabrairu ne, hunturu ya fara janye jiki, 'ya'ya sun kai girman ƙwan kaza. Da hantsi ganye ya langaɓe, da dare ya miƙe, kashegari ya sake langaɓewa, bayan mako guda ya ƙi tashi. Kawu ya ƙara ruwa, ya ƙara yuriya, ya sayo maganin feshi kala biyu, duk a banza. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne layi uku na gefen gabas, waɗanda aka dasa daga wani gwangwanin iri daban. Suna nan kore shar, alhali ruwa ɗaya suke sha da maƙwabtansu.

"Ɗana," ya ce da ni, "kai da kay yi karatun noma, gaya mani, mi yar raba wanga da wancan? Ƙasa guda, ruwa guda, hannu guda."

Na ce, "Kawu, duk su biyun suna da makami. Wancan ya gane ɓarawon tun yana bakin ƙofa, wannan bai farga ba sai da aka kwashe ɗaki." Ya yi shiru yana kallona, don amsar ba ta ishe shi ba, kuma yana da gaskiya. Manomi na buƙatar ya san abin da zai yi da hannunsa.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tabbatar da abin da ke damun shukarka, domin yaushi kala-kala ne. Ka tafi lambu da reza ko wuƙa mai kaifi, da kofin gilashi, da ruwa garai. Tumɓuke shuka ɗaya da ta fara langaɓewa amma ba ta mutu ba. Fara duba ganyen ƙasa: in sun yi ruwan ɗorawa, musamman in gefe ɗaya na shukar ne, ko ma rabin ganye rawaya rabi kore, ka riƙe wannan. Sai ka tsaga karan a tsaye daga gindi zuwa sama. A lafiyayyar shuka cikin fari ne mai ɗan kore. In ka ga layi biyu masu ruwan ƙasa suna bin gefe da gefe ƙarƙashin ɓawo, tsakiyar kuma lafiya lau, to funfunar da ake kira Fusariyam ce ta shiga jijiyoyin ruwa. Yanke guntun kara kamar tsawon yatsa, ka rataya bakinsa cikin ruwan kofin, kada ka girgiza, ka jira minti biyar. In wani farin abu ya fara zubowa kamar zaren madara, wannan bakteriya ce, ba funfuna ba, kuma maganarta daban. In ruwan ya tsaya garai, ka koma kan Fusariyam. Daga ƙarshe ka wanke saiwar ka duba ko tana da ƙulle-ƙulle kamar carbi. Zan dawo kan waɗannan ƙullin, don suna da hannu a ɓarnar.

To me ke faruwa a cikin karan nan da ka tsaga?

Jikin tumatir an gina shi da 'yan ɗakuna ƙanana da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma, kowane da katangarsa. Ba shi da jini irin namu mai ɗauke da sojoji suna zagaya jiki, saboda haka kowane ɗaki shi ke tsaron kansa. Tsofaffinmu na ba da labarin zamanin da Sakkwato ke cikin ganuwa, Ƙofar Kade da Ƙofar Rini da Ƙofar Marke kowace da mai tsaronta, baƙo ba ya shiga sai an san shi. Haka fatar kowane ɗaki take, cike da wasu furotin da aikinsu gadi ne kawai: kai a waje yana shinshina, ƙafa a ciki tana jiran buga ƙararrawa.

Abin da suka fara ganewa shi ne tufafin ɓarawon. Jikin funfuna zare ne siriri, kuma bangon zaren yana ɗauke da wani sinadari mai suna kaitin. Ka san shi ko da ba ka san sunansa ba, shi ne ke cikin ɓawon farar da ake soyawa da yaji, abin nan mai ƙaras-ƙaras a baki. Tumatir ba shi da kaitin a jikinsa ko kaɗan, don haka duk inda ya ji shi ya san baƙo ne. Shukar na zuba wasu furotin masu yanka a tsakanin ɗakunanta, su kankare ɓurɓushin kaitin daga jikin zaren, ɓurɓushin ya faɗa hannun masu gadi. Cikin 'yan mintoci sinadarin kalsiyam ya kwararo cikin ɗakin, ɗakin ya fesa haidirojin, irin ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a kemis. Cikin sa'o'i sai a yaɓa wa katanga sabon yaɓe daidai inda ake ƙoƙarin hudawa, a kuma haɗa guba sabuwa, ciki har da wadda ake kira rishitin. Ban da wannan akwai gubar da ke ajiye tun kafin faɗa, sunanta tomatin, tana da yawa a ganye da ɗanyen tumatir, tana raguwa in ya nuna. Aikinta ta manne wa fatar funfuna ta huda ta. Wannan tsaro na farko shi ya sa dubban irin funfunar da ke cikin ƙasa da iska ke sauka kan tumatir kullum ba su iya yi masa komai.

'Yan kaɗan da ke iya cutar da shi su ne waɗanda suka ƙware a kansa. Fusariyam ɗin tumatir tana da furotin da ke datse tomatin ya zama ba shi da kaifi. Wata funfunar kuma, mai sa bayan ganye ya yi gashi-gashi ruwan toka a wurare masu laima da rumfunan leda, ita ce masana suka fi koyon darasi a kanta. Tana da furotin mai suna Avr4 da take lulluɓe kaitin ɗinta da shi kamar bargo, don kada a kankare. Tana da wani, Ecp6, da ke bin bayanta yana tsince ɓurɓushin da ya zube kafin ya isa ga masu gadi, kamar ɓarawon da ke tafiya yana share sawunsa. Masu bincike a Jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan ne suka bayyana wannan aiki na Ecp6 a 2010.

A nan ne amsar tambayar Kawu take. Kayan aikin da ɓarawo ke shigowa da su don ya makantar da masu gadi, su kansu suna iya tona shi, in shukar na da mai gadin da ya san kamanninsu. Kowane irin wannan mai gadi na musamman daga ƙwayar gado ɗaya yake fitowa, wadda shukar ta gada daga iyayenta. Tana da ita ko ba ta da ita, taki ko feshi ba sa sa mata. Wani masani Ba'amurke, Harold Flor, shi ya gano wannan ƙa'ida a shekarun 1940: ƙwayar gado ɗaya a shuka tana fuskantar ƙwayar gado ɗaya a cuta, in sun haɗu shuka ta tsira, in ɗaya ta ɓace cuta ta ci. An daɗe ana aiki da maganarsa kafin a kama abin a hannu. A 1991 aka ware ƙwayar gadon da ake kira Avr9 daga funfunar ganyen nan a Wageningen, a 1994 kuma aka ware Cf-9, mai gadin tumatir da ke gane shi, a birnin Norwich na Ingila. Wani ɗan'uwansa, Cf-2, dabararsa ta fi burge ni. Shi ba ɓarawon yake kallo ba. Akwai wani furotin na shukar, Rcr3, da funfunar ke zuwa ta toshe, to shi Cf-2 ya zuba wa ido kamar mai gadin da ke kallon kwaɗon ƙofa: da an taɓa, ya yi kururuwa.

Idan irin wannan mai gadi ya yi kururuwa, martanin ya fi na farko zafi nesa ba kusa ba. A ganye, ɗakunan da ke kewaye da wurin kan kashe kansu, funfunar da ke buƙatar ɗaki mai rai ta rasa abinci, abin da za ka gani ɗan ɗigo ne busasshe. Saƙo kuma ya bazu zuwa sauran jiki ta hanyar sinadarin salisilik, ɗan'uwan asfirin, kowa ya ɗaura ɗamara. A saiwa da kara kuwa, inda Fusariyam ke bi, ɗakunan da ke jingine da jijiyar ruwa kan kumbura su kutsa cikin bututun kamar balan-balan, su zuba danƙo, su toshe wannan jijiya ɗaya tun funfunar na ƙasa. Shukar ta yi asarar bututu kaɗan ta ci gaba da sha da sauran. Wadda ba ta da mai gadin ita ma tana toshewa, amma a makare, bayan ruwa ya riga ya ɗauki ƙurar irin funfunar ya haura da ita. Sai ta yi ta toshe bututu bayan bututu tana bin cutar a baya, har ta shaƙe kanta. Layin nan mai ruwan ƙasa da ka gani a kara, tabon wannan makararren faɗa ne. Shi ya sa ƙarin ruwa bai taimaki Kawu ba, kuma shi ya sa feshin ganye ba ya kai wa ga wannan cuta.

Saboda haka babban aikinka yana wurin sayen iri, kuma dole ka iya karanta gwangwani. Harafin V da F da ke bayan sunan Roma VF ba ado ba ne. V na nufin juriya ga funfunar Batisiliyam, wadda ta fi son ƙasa mai sanyi. F na nufin shukar na ɗauke da mai gadin da ake kira I. A 1939 wasu masana biyu a jihar Misuri ta Amurka, Bohn da Tucker, suka same shi a jikin wani tumatirin daji na ƙasar Peru mai 'ya'ya ƙanana kamar magarya, aka yi ta aure har ya shigo irin noma. UC82B, wanda 'yan kasuwa ke kira UTC, shi ma yana da shi. Layi ukun Kawu daga gwangwanin Roma VF suka fito, sauran kuwa irin da ya daɗe yana matsewa da kansa ne.

Amma F ɗaya launi ɗaya na cutar take tarewa, wato nau'i ɗaya. Fusariyam na zuba furotin fiye da goma cikin jijiyar ruwa, mai gadi I kuwa ɗaya kawai ya sani, Avr1. Da aka cika gonaki da irin, sai aka samu funfunar da ta yar da Avr1 gaba ɗaya ta wuce ba a gan ta ba. Wannan launi na biyu an fara ganinsa a Ohayo a 1945, ya addabi Fulorida a shekarun 1960. Aka koma ga tumatirin daji aka samo I-2, mai zaune a cikin ɗaki yana jiran Avr2. Funfunar ta canza ɗan abu kaɗan a jikin Avr2, kamar mai sauya hula, launi na uku ya bayyana a Ostareliya a 1978. Aka sake samo I-3 daga wani ɗan daji mai koren 'ya'ya. A 2008 masu bincike a Jami'ar Amstadam suka gano wani abu da ya shafi aljihunka kai tsaye: Avr1 na iya rufe idon I-2 da I-3. Wato iri mai sabon mai gadi yana buƙatar tsohon a tare da shi, don shi ke kama mai rufe idon.

A gwangwanin zamani za ka ga an rubuta Fol, wato taƙaitaccen sunan Fusariyam ɗin tumatir, sai lambobin launukanta. Ka lura da kyau, domin lissafin biyu ne: kamfanonin Turai kan ƙirga 0, 1, 2, na Amurka kuma 1, 2, 3, abu ɗaya suke nufi. In ka ga sifili a jerin, lissafin Turai ne, kuma Fol: 0,1 daidai yake da FF, wato launi na ɗaya da na biyu. HR na nufin juriya mai ƙarfi, IR matsakaiciya. N, ko Ma, Mi, Mj, na tsutsar saiwa ne. Ka sayi iri a rufe da hatiminsa da kwanan wata. Wata shekara wani mai shago ya auna wa Kawu iri a ƙullin leda ya rantse masa Roma VF ne, rabin fangalin ya kwanta kafin a yi tsinka ta biyu. Har yau abin na ci mini rai, don guminsa na wata huɗu ne ya tafi.

In kana da wurin da tumatir ke yaushi duk shekara, kana iya sa ƙasar ta gaya maka launin da ke cikinta. Ware fangali ɗaya a daidai wurin, ka dasa layi uku rana ɗaya: irin gida, da mai F ɗaya, da mai Fol: 0,1. Kafa tsinke da alama a kan kowane. In na gida kaɗai ya faɗi, F ɗaya ta ishe ka, ba sai ka sayi mai tsada ba. In na gida da mai F ɗaya suka faɗi, ka koma mai biyu. In duk ukun suka faɗi, tsaga kara ka duba saiwa, ka kai samfuri ga malaman gona ko sashen kimiyyar amfanin gona na jami'a kafin ka yanke hukunci.

Sai maganar ajiye iri, wadda muka sha jayayya a kanta da Kawu. Roma VF da UC82B in ka matse su daga lafiyayyar shuka suna dawowa kamar iyayensu. Wanda aka rubuta wa F1 kuwa ɗan aure ne tsakanin iri biyu, kuma sau da yawa ɗaya daga cikin iyayen ne kawai ke da mai gadin. Shi F1 ɗin ya gada, yana da kariya. In ka matse 'ya'yansa ka shuka, kusan ɗaya cikin kowace huɗu za ta fito ba mai gadi. A wurin reno ba za ka bambance su ba, sai sun ɗauki 'ya'ya zafi ya shigo. Kawu ya ce, "Ashe ɗiyan ba su gado duka?" Na ce, "Kawu, ko a gida ɗaya ai wani ya ɗauko uwa wani ya ɗauko uba."

Bayan ka samu irin kirki, kada ka karya masa gadi da hannunka. Ƙullin saiwar nan aikin wata tsutsa ce da ido ba ya gani, mai son ƙasa mai yashi. Tana huda saiwa, tana rikita ɗakunan da ya kamata su toshe bututu, har iri mai F ya iya faɗuwa. Mai gadin da ke tare ta, Mi, yana da rauni guda da ya shafe mu ƙwarai a Sakkwato: yana daina aiki sosai in zafin ƙasa ya haura digiri 28. Ita kuma Fusariyam daidai wannan zafin ta fi so. Mu da ke ganin sama da digiri 40 a Afrilu, wannan ya isa ya sa mu dasa da wuri, Oktoba zuwa Nuwamba, don shukar ta yi yawancin aikinta cikin hunturu. In ka makara, shimfiɗa karan shinkafa a gindi ya rage wa ƙasa zafi. Wajen cire dashe ka jiƙa wurin reno tukuna don saiwa ta fito ba tsinkewa, wajen noma kuma kada kalme ya matsa gindi.

Taki ma da magana. Yuriya a ƙasa tana komawa amoniya, kuma an daɗe da tabbatar da cewa yawan takin amoniya da ƙasa mai tsami suna ƙara wa Fusariyam ƙarfi, takin naitiret da ƙasar da ke tsakanin 6.5 da 7 a ma'aunin tsamin ƙasa (pH) suna rage ta. Don haka raba yuriya kashi-kashi, ka haɗa da kamfa da ruɓaɓɓen takin gargajiya, kada ka antaya ta don ka ga ganye ya yi rawaya. Ruwa kuwa yana ɗaukar cutar daga fangali zuwa fangali, saboda haka wurin da ke da ciwo shi za ka ba ruwa a ƙarshe, kada ya zarce zuwa wani. Shukar da ta mutu a tumɓuke ta da saiwa a ƙone, kada a jefa a hanyar ruwa. Funfunar na yin wasu ƙwayoyi masu kaurin ɓawo da ke kwana shekaru a ƙasa, don haka hutun shekara ɗaya ba ya kore ta. Ba wurin shekara huɗu ko biyar na albasa, alkama ko masara.

Akwai cutar da wannan bayani duka bai hau kanta ba, kuma gara ka sani don kada ka zargi gwangwani. In ka ga tabo ruwan ƙasa a tsofaffin ganyen ƙasa, da zobe cikin zobe kamar saƙar faifai, wannan Altanariya ce. Ita mushe take ci: tana kashe ɗaki da guba sannan ta cinye. Dabarar kashe kai da ke maganin wasu, ita gaba ta kai ta. A kan irin waɗannan masu cin mushe shuka kan dogara da wata hanyar saƙo daban, ta sinadarin jasmonik, kuma babu harafi ɗaya a gwangwani da zai raba ka da ita gaba ɗaya. Ta fi kama shukar da yunwa ta taɓa ko 'ya'ya suka yi wa nauyi, kuma tana buƙatar ganye ya jima a jiƙe. Ba da tazara iska ta ratsa, cire ganyen ƙasa da suka kamu da rana bayan raɓa ta bushe, kada ka watsa ruwa ta sama da yamma, kada ka bi tumatir da gauta ko dankalin Turawa. A nan feshi na da amfani. Mankozeb da magungunan jan ƙarfe a saman ganye suke zama, rigakafi ne, sai a fesa da ganin tabon farko, a kuma kiyaye kwanakin da takardar ta ce a jira kafin tsinka.

Aikin da na fi so a yi shi ne na wurin reno, don dashen da ya kamu tun yana ƙarami shi ke kai cuta sabuwar ƙasa. Zafin bazararmu da kowa ke kuka da shi, a nan yana yi mana aiki kyauta. A watan Afrilu ko Mayu, kafce wurin da za ka yi reno, farfasa hoge, daidaita shi, ka ba shi ruwa ya sha sosai. Shimfiɗa farar leda mai nuna ciki, ba baƙa ba, ta kwanta daf da ƙasa, ka binne bakinta ta kowane gefe kada iska ta shiga. Bar ta mako huɗu zuwa shida. In ta yage ka liƙe. Bayan ka yaye kada ka sake kafcewa da zurfi, don kada ka juyo ƙasar da zafin bai kai gare ta ba, kuma ka tare gefen da 'yar kunya kada ruwan damina ya kwararo ciki daga lambu.

Bana ni da ƙanena muka shimfiɗa ta a bayan bukkar injin ban-ruwa. Da azahar Kawu ya zo ya ɗora tafin hannunsa a kan ledar, gumi ya taru a ƙarƙashinta kamar murfin tukunya, ya janye hannun da sauri. Ya ce in rubuta masa ranar da za a yaye a jikin bukkar da gawayi, in kuma rubuta haruffan da zai nema a gwangwani a ƙarƙashinta, manya-manya, yadda zai kwafa a takarda ranar da zai shiga kasuwa.